Muryar Malam da Kakannin Palaba

Malam ya yi sati uku a asibiti da cutar korona, ya dawo gida ba murya. Saura sati bakwai ya zauna gaban malaman jami'a ya kare littafin digirinsa da baki. In ranar ta wuce bai yi ba, wa'adin da wurin aikinsa ya ba shi ya ƙare, bizarsa ma ta ƙare, sai ya koma gida hannu rabbana bayan shekara huɗu.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Ban shiga aji ba, allo ma ban daɗe a kansa ba. An ƙona mini shago sau biyu a gida. Na ƙetare hamada a bayan mota, na yi wata tara a tsare a wata ƙasa saboda takarda. Ba wannan ne labarin ba. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo ni Kuala Lumpur in riƙa haɗa masa kaya, da muka rabu na koma wa aska. Masu askin garin ba su san gashinmu ba, saboda haka ɗalibanmu na unguwar Setapak suka riƙa zuwa wurina, a wani ɗan lungu bayan shagon wani Ba'indiye, abin da 'yan garin ke kira kedai.

A nan na san Malam. Malamin kwaleji ne a gida, ya zo karatun digiri na uku a kan tarihin kalmomi. Mutum ne mai surutu. In ya hau kujerata sai na ce ya rufe baki kada in yanke shi, ya rufe na minti ɗaya ya ci gaba. Yana kirana Sarkin Aska. Ni kuma in ce masa Dakta, ya ce, "Tukuna, kada ka ja mini baki."

Da aka sa dokar kulle aka rufe wuraren aski. Matarsa da yaransa sun riga sun tafi gida haihuwa kafin a tsayar da jirage. Ya ce in kwaso kayana in zauna a ɗakin yara, a bene na goma sha huɗu. Na kwaso. Ni ke girki, shi ke karatu da surutu.

Tare muka kamu. Ni na yi zazzaɓi kwana uku, na daina jin ƙanshi, na tashi. Shi numfashinsa ne ya ƙi. Wasu mutane cikin fararen kaya, ba a ganin fuskarsu, suka zo suka sauka da shi a lif. An zura masa bututu a maƙogwaro kwana da kwanaki. Ya rayu, amma bututun ya tafi da muryarsa.

Ranar da ya dawo ya zauna a falo, rigarsa ta yi masa yawa. Ya ciro ɗan littafi da biro, ya yi rubutu, ya miƙo mini. Na karɓa. Na daɗe ina kallon takardar.

"Malam, ban iya ba," na ce.

Ya ɗago kai.

"Ban iya karatu ba. Ko baƙi ɗaya."

Shekara uku ina masa aski bai sani ba. Saƙon murya nake turawa a waya, lambar bas kuwa kamanninta na haddace. Ya dube ni, ya dubi takardar, sannan ya nuna kofi da yatsa. Ruwa yake so. Abin da ya rubuta ke nan.

Ya gwada sa wayarsa ta riƙa karanta mini abin da ya rubuta. Ta karanto Hausa da bakin Baturiya, ban gane ko kalma ɗaya ba. Na yi dariya. Shi bai yi ba.

An haɗa shi da wata likitar murya, Ba'indiya, ofishinta yana wajen Brickfields, amma ta waya suke ganin juna saboda kulle. Turancina na kasuwa ne, duk da haka na kama abin da take cewa. Ya sha ruwan ɗumi. Ya yi sirace. Ya rufe baki ya riƙa fitar da sauti ta hanci. Ya yi magana kaɗan-kaɗan kullum, kada ya yi raɗa, kada kuma ya yi shiru. Ya gwada sau biyu a gabana. Abin da ya fito kamar kukan namijin agwagwa, iska kawai. Ya ji da kunnensa, ya rufe baki, bai sake buɗewa ba sai don abinci.

Kwana goma aka yi haka. Ya ja kujera bakin taga ya yi ta kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki. Wata tsohuwa Bamalaya maƙwabciyarmu takan rataya mana abinci a hannun ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta ce "makan", wato a ci abinci, ta koma. Ko godiya ni nake yi mata ta bayan ƙofa. In matarsa ta kira sai ya kashe, ya tura mata rubutu.

Rana ta goma ta kira ni.

"Baba Wanzam, ya rubuto mini wai zai janye. Wai ba zai zauna gaban mutane yana huci ba. Ni ban ji muryarsa ba tun da na haihu. Kai ne kusa da shi, don Allah ka yi wani abu."

Na ce to.

Abu ɗaya na sani game da maƙogwaro, shi ne hakin wuya. A gidanmu, in mutum ya zo murya ta dishe, ko haɗiya tana masa wuya, ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a buɗe bakinsa a duba ɗan naman nan da ke reto a can ciki. In ya yi tsawo ya yi ja, a cire. Na ga babana ya cire wa mutanen da ba zan iya ƙirgawa ba, ni ma na cire wa wasu. Askar aikin tana cikin zabirata, siririya mai lanƙwasa, ta babana ce. Ta bi ni hamada ta bi ni teku.

Washegari da hantsi na ce wa Malam ya buɗe baki. Ya buɗe, ya zaci wani abin likita ne. Na haska da fitilar waya. Hakin wuyan ya yi ja, ya ɗan kumbura. Na ce a raina, ga ɓarawon.

Na dafa askar a tukunya. Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin falo, na jera ta da ɗan itacen danne harshe da kwanon ruwan gishiri. Malam ya dubi kayan. Ɗan ƙauye ne shi ma, ya san su. Ya fizgi biro ya yi rubutu da sauri, ya ɗaga mini takardar a fuska.

"Ka san ban iya ba," na ce.

Ya girgiza kai da ƙarfi. Ban damu ba. Duk wanda za a cire wa sai ya girgiza kai, babana ya koya mini kada in kula. Na zagaya bayansa, na dafe goshinsa da hannun hagu, na jingina kansa a cikina. Ba shi da ƙarfin ture ni, asibiti ta cinye shi. Na ɗauki itacen.

"A'a."

Na tsaya. Sautin ya yi kaushi kamar ana jan kwano a kan siminti, amma magana ce.

"Kada ka fara," ya ce. Ya yi tari. "Jini. Magani."

Na saki kansa. Na koma gabansa na zauna.

"Ashe akwai murya," na ce. "Ɓoye ta ka yi."

Da la'asar ya kira likitar, ya juya mini wayar. Ta yi mini bayani a hankali, rabi Turanci rabi Malayanci. Ciwon ba a hakin wuya yake ba, yana can ƙasa inda aska ba ta kaiwa. Kuma tun daga asibiti aka ɗora shi a kan maganin da ke hana jini daskarewa. Da na yanka, jinin ba zai tsaya ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Na ga mutuwa iri-iri, amma ban taɓa kusan kashe mutumin da ya ba ni ɗaki ba sai ranar. Na naɗe askar na mayar ƙasan zabira.

Na dawo falo na ce, "Na yi kuskure, ka yafe. Amma daga yau ba zan karɓi nuni da yatsa ba. In kana son ruwa ka faɗa. Takarda ba ta da amfani a gidan nan."

Ya harare ni.

Na ɗauko littafin digirin daga kan tebur, mai kauri kamar bulo. "Mene ne a ciki da har za ka mutu a kansa?"

Ya ce, "Kalmomi. Babi ɗaya, kalma ɗaya."

"Wacce?"

"Palaba."

Na san ta. Yaran kudu suna faɗinta a shagona in ba sa son rigima.

"Ta yaran kudu?"

"Ita. Turawan Ingila ma suna da ita. Palaver."

"Wa ya ara wurin wa?"

Ya buɗe baki, iska ta fito. Ya sha ruwa. "Gobe," ya ce.

Haka muka fara. Kullum da safe bayan sirace sai in zauna gabansa in tambayi asalinta, kamar yadda ake binciken wanda ya zo neman aure. 'Yar wace ce, daga wane gari, me iyayenta suke yi. Shi kuma ya ba ni kaka ɗaya, gwargwadon abin da maƙogwaronsa zai ɗauka.

Ya ce matuƙan jirgin ruwa na Ingila ne suka tsince ta a gaɓar tekun ƙasashenmu, wajen shekara ɗari uku da suka wuce. A can, in baƙi da 'yan gari suka zauna ciniki ko sasanci, sunan zaman ke nan.

"To tamu ce," na ce.

"A'a. A wurinmu ta yi zango."

Washegari ya kawo ubanta. Turawan Fotugal ne suka riga zuwa gaɓar, su suka zo da ita. A bakinsu palavra, ma'anarta kalma, ko magana. Ya buga teburin da yatsa ya ce mutanen nan sun zo har nan ƙasar, sun zauna a Melaka, kuma sunan da Malayawa ke kiran tebur da shi, meja, su suka bar musu.

"Ba sa zama a gida ke nan."

"Kamar wani da na sani," ya ce.

Na ce masa ni ma ina da irin karatuna. In na ga tsaga a fuskar mutum na san garinsu, wani lokaci har gidansu, ko ya canja tufafi ya canja harshe. Ya ce aikinsa ke nan. Kalma takan canja gari ta canja ma'ana, amma tsagar gidansu tana nan a fuskarta ga wanda ya iya dubawa. Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi tun dawowarsa. Ya biya ta da tari mai yawa.

Ba kullum abin ke tafiya ba. Akwai ranar da ya tashi ba ko sauti, ya jefar da kofi, ya shige ɗaki. Na bar shi. Da azahar na ƙwanƙwasa na ce an tsaya a Fotugal, ni ba a bar ni a hanya. Ya fito.

Daga Fotugal muka koma wurin Rumawa. A harshensu parabola. Su ma ba tasu ba ce, daga Girkawa suka karɓa. A can gindin, ma'anarta a ajiye abu kusa da wani abu don a gwada su. Wato misali.

"Yaya misali ya koma magana?"

Ya ce masu wa'azinsu ne suka yi ta koyarwa da misalai, har mutane suka riƙa kiran kowace magana da sunan.

"Wa ya gaya maka? Kana wurin?"

Ya ɓata rai. Ya tashi ya kwaso takardu, ya ce akwai tsofaffin littattafai, akwai wasiƙun 'yan kasuwa da labaran matafiya, ana bin sawun kalmar daga wannan zuwa wancan. Na ce sawu yakan ɓace a kan dutse. Ya ce gaskiya ne, akwai inda ya ɓace, kuma ya faɗi haka a littafin. Muka yi ta ja har ya manta yana jin kunyar muryarsa. Sai da ya dubi agogo ya lura ya yi kusan rabin awa yana magana.

Ranar ya kira matarsa. Na shiga kicin na kunna famfo.

A sati na huɗu ya ce yau dangi za mu ziyarta. Wani reshen gidan ya tafi Faransa, ya zama kalmarsu ta yin magana. Daga nan aka samu sunan majalisar dokokin Ingila. Daga nan kuma aka samu sunan wani ɗaki a gidajen masu ibadarsu na da, inda shiru ne ƙa'ida, ɗaki ɗaya tak aka yarda a yi magana da baƙi a ciki. Turawan Ingila suka ɗauki sunan ɗakin suka sa wa ɗakin karɓar baƙi. Suka zo da shi ƙasarmu.

"Mu muka ce falo," ya ce.

Na dubi ɗakin. Kujeru uku, tebur, tabarmar salla, keken yaro a jingine.

"Wannan falon?"

"Shi. Ɗan'uwan palaba ne. Kakansu ɗaya."

"To ka yi kwana goma kana saɓa wa ɗakin."

Ya yi dariya har ya shaƙe, na buga masa baya.

Abu ɗaya ya rage da bai gamsar da ni ba. Na ce kalmar ta fito gida tana nufin magana, ta iso bakin yaran kudu tana nufin rigima. A ina ta lalace? Ya fara kawo bayanin masana, mai tsawo. Na ce ya dakata.

"Na taɓa zama irin wannan zaman," na ce. "A kan iyaka. Mu a ƙasa, su a kan kujera da bindiga. Su ma cewa suka yi magana za a yi. Duk wanda aka kira irin wannan magana sau biyu, in ya sake jin sunanta ya san ba alheri ba ne."

Ya kurɓi ruwa. Can ya ce littattafan ma kusan haka suke nufi, sai dai sun fi ni yawan shafi.

Ranar ta zo, ƙarfe goma na safe. Na yi masa aski, na gyara gemun. Ya sa farar shadda da hula, ya zauna gaban kwamfuta a falo. Na cika falas da ruwan ɗumi da zuma da citta na ajiye inda hannunsa zai kai, na zauna a bakin ƙofar kicin inda ba za a gan ni ba. Fuskokin malamai biyar suka fito a kwamfutar. Ya gaishe su, ya gaya musu abin da ya samu maƙogwaronsa, ya fara.

Ban gane yawancin abin da ake faɗa ba. Muryar nake saurare, kamar yadda direba ke sauraren inji. Da ya iso kan kalmar na gane hanya, na bi shi daga gaɓar teku zuwa Fotugal zuwa Rum. Wata farfesa mai tabarau ta tare shi da tambaya, daga yadda ya ɗaga takarda na san tambayata ce ta sawu a kan dutse. Ya amsa.

Bayan kamar awa ɗaya muryar ta ɗauke. Bakinsa yana motsi, ba abin da ke fita. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Ya ɗaga musu hannu, ya zuba ruwan ya sha. Sannan ya rufe baki ya yi ta fitar da sautin nan ta hanci, a gaban farfesoshi biyar, abin da a da ba ya yarda ya yi ko a gabana. Suka jira. Muryar ta dawo, ƙarama, mai kaushi. Ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Da aka gama suka ce ya ba su wuri su yi shawara. Muka jira. Suka dawo, tsohon cikinsu ya yi magana, na ga Malam ya sunkuyar da kai. Ya ci, da 'yan gyare-gyare. Ya rufe kwamfutar ya juyo.

"Sarkin Aska."

"Dakta."

"Yanzu ka faɗa daidai."

Muryar ba ta koma yadda take ba. Da lasifika yake koyarwa a aji yanzu, saƙonnin muryarsa kuma sun gajarce. Kafin a buɗe hanya ya tafi, mun yi wata biyu a falon nan yana koya mini baƙaƙe a bayan takardun gyaransa. Sauran na ƙarasa da kaina, a hankali.

Askar tana nan a ƙasan zabira. Ban iya jefar da ita ba, ta babana ce, amma ban sake kwance ta ba. Bara wani ɗalibi ya kawo mini jaririnsa ranar suna, ya ce tsohuwarsa ta bugo waya a cire masa hakin wuya. Na yi wa yaron askin suna, na ce sauran ya kai wa likita.

Malam yana gida tare da iyalinsa. Ni ina nan Setapak, yanzu a ɗan shagon da ke saman kedai ɗin, ina aski.